Injin Jirgin Ruwa a Cikin Tsohuwar Mota: Dabara ce ko Ganganci?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar mota ya san akwai ranar da bakanike zai ɗago kansa daga cikin inji, ya goge hannu da tsumma, ya ce, "Maigida, wannan kam ya gama nasa." Daga ranar nan hanya uku ce ta rage wa mai mota: ko ya sayar da ita a farfasa a auna a sikeli, ko ya shiga neman inji irin nata na asali, wanda sau da yawa an daɗe da daina ƙera shi, ko kuwa ya dasa mata baƙon inji. A ƙasashen Amurka da Suwidin akwai masu tsofaffin motoci da suka bi hanya ta uku har ta kai su bakin ruwa, watau suka ciro injin jirgin ruwa, ko wasu sassa nasa, suka ɗora wa motocinsu.

Masu magana a kan wannan al'amari sun kasu gida biyu. Wasu suna ganin wauta ce tsantsa, domin a ganinsu abin da aka yi don ruwa ba shi da aiki a tudu. Wasu kuwa sun ɗauka injin jirgi ya fi na mota ƙarfi da ƙarko ta kowace fuska, saboda haka duk abin da aka ciro daga jirgi riba ce. Ni a nawa ra'ayi, duka ɓangarorin biyu sun yi kuskure, kuma tushen kuskurensu ɗaya ne, watau yanke hukunci ba tare da sanin dalilin da ya sa aka ƙera kowane sashe yadda aka ƙera shi ba. Abin da nake son in nuna wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai shi ne, wannan dashe dabara ce mai kyau ga wanda ya san abin ɗauka da abin bari, ganganci ne kuma ga wanda arha kaɗai ta ja shi.

Kafin in yi nisa, ya kamata mai karatu ya gane irin injin da ake nufi. Ba ƙaramin injin nan da ake ratayawa a bayan kwalekwale ba ne, irin wanda ake gani a Yawuri ko a Tafkin Chadi, domin shi a tsaye aka ƙera shi, kuma ba shi da wata dangantaka da mota. Wanda ake magana a kansa shi ne babban injin fetur da ake girkawa a cikin jirgi, a ƙarƙashin daɓe, yana juya farfela daga can.

Uwa ɗaya, uba ɗaya

Abu na farko da masu cewa wauta ce ba su lura da shi ba shi ne, yawancin waɗannan injuna asalinsu na mota ne. Ƙera sabon inji tun daga zane har zuwa zubin ƙarfe aiki ne mai cin kuɗi ƙwarai, kuma jiragen shaƙatawa da ake sayarwa a shekara ba su kai yawan da zai mayar da wannan kuɗi ba. Saboda haka masu yin injin jirgi suka ga ya fi sauƙi su sayo gangar inji daga kamfanonin mota, su yi mata suturar ruwa. Kamfanin Chevrolet ya fito da shahararren injinsa mai silinda takwas a shekarar 1955, ya kuma fito da samfurinsa mai lita 5.7 a 1967. Wannan inji, da ɗan'uwansa mai lita 5.0, su ne suka daɗe suna aiki a cikin ɗimbin jiragen da ke ɗauke da sunan MerCruiser, wanda ya fara fitowa a 1961, da na Volvo Penta. Idan aka tuɓe musu kayan ruwa, bulok ɗin da za a tarar bai bambanta sosai da na a-kori-kurar kamfanin General Motors ba.

A Suwidin ma dangantakar ta fi haka tsufa, kuma ta ɗaya gefen ta faro. Motar farko da kamfanin Volvo ya ƙera a 1927, injinta ya fito ne daga masana'antar Penta da ke garin Skövde, wadda da injin jirgin ruwa ta yi suna, kafin ta zama wani ɓangare na Volvo a 1935. Daga baya sai reshe ya juye da mujiya, Penta ta riƙa ɗaukar injunan motocin Volvo masu silinda huɗu tana mayar da su na jirgi. Ke nan wanda ya ciro irin wannan inji ya sa a mota bai kawo baƙo ba, ɗan gida ne da ya yi zaman bakin ruwa ya dawo.

Amma fa Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. 'Yan'uwa biyu da aka raba tun suna ƙanana, ɗaya ya tashi a gidan masunta, ɗaya a gidan fatake, ko da kamanninsu ɗaya, halinsu ba zai zama ɗaya ba. A nan ne masu ɗokin injin jirgi suke yin tuntuɓe.

Inda hanya ta rabu

Bambanci na farko shi ne irin aikin da kowannensu yake yi. Mota tana da giya, tana hawa tana gangarawa, tana tsayawa a mahaɗar hanya, kuma idan ta miƙa a kan shimfiɗaɗɗen titi ɗan kaɗan take amfani da shi daga cikin ƙarfin injinta. Jirgi ba shi da gangara. Ruwa yana riƙe da shi koyaushe, da zarar an sassauta totur sai ya lafa. Injinsa yakan yi sa'o'i yana zagaye dubu uku zuwa dubu huɗu a minti ɗaya, kamar babbar mota mai kaya da ke hawan tudun da ba ya ƙarewa, kuma idan an buɗe masa wuta duka yakan kai zagaye 4,400 zuwa 4,800. Wannan ne ya sa ba a auna tsufansa da mil, sai da sa'o'in da ya yi yana aiki.

Na biyu shi ne hanyar sanyaya shi. Injin mota yana da lagireto, ruwa ɗaya yake kewayawa a ciki, iska tana sanyaya shi. Yawancin tsofaffin injunan jirgi ba su da lagireto sam. Famfo ne yake zuƙo ruwan tafki ko na teku, ya bi ta cikin inji, ya fita tare da hayaƙi. Don kada gishiri ya daskare a magudanan, akan riƙe zafinsu a wajen digiri 60 zuwa 70 a ma'aunin salsiyos, alhali injin mota yana son digiri 80 zuwa 90. Haka kuma bututun da ke kwashe hayaƙi daga kan silinda, a jirgi riga biyu gare shi, ruwa yana gudana a tsakaninsu, domin ɗakin inji a rufe yake, zafin ƙarfe zai iya kunna wuta.

Na uku shi ne sha'anin fetur da tartsatsi. Tururin fetur ya fi iska nauyi. A mota ƙasan inji a buɗe yake, saboda haka ko fetur ya ɗiga, ƙasa zai zuba, iska ta kwashe tururinsa. A jirgi kuwa sai ya taru a ƙasan daɓe ya kwanta, tartsatsi ɗaya ya ishe shi ya tashi da jirgin da mutanen ciki. Domin haka ne dokar Amurka ta wajabta a rufe kik da dinamo da mai raba wuta ga fulogi ta yadda tartsatsinsu ba zai kai waje ba. Kafireton jirgi ma an lanƙwasa bututun numfashinsa, don idan fetur ya yi ambaliya ya koma cikin inji. A bakinsa kuma ba matatar iska ake sawa ba, ragar ƙarfe ce mai kashe harshen wuta, tun da babu ƙura a tsakiyar ruwa.

Na huɗu, wanda ya fi ba da dariya idan ba a kanka ya faɗa ba, shi ne wajen juyawa. A tsofaffin jirage masu inji biyu, akan sa ɗaya ya juya dama ɗaya hagu, don kada farfelolin su riƙa karkatar da jirgin gefe guda. Injin da ke juyawa a baibai yana da kamshaf nasa daban, da kik nasa daban, da tsarin tashin fulogi nasa daban. Wanda ya saye shi bai sani ba ya haɗa da giyabos na mota, zai sami giya huɗu ta baya da guda ɗaya ta gaba.

Abin ɗauka da abin bari

Wanda ya fahimci waɗannan bambance-bambance huɗu ya riga ya san amsar tambayar. Abin ɗauka shi ne ainihin gangar injin: bulok, da karanshaf, da fistin, da kan silinda. Har ma akwai 'yar riba a ciki, domin murafan da ke toshe ramukan ruwa a jikin bulok na tagulla ne a injin jirgi, kuma gaskit ɗin kan silinda na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, duka biyu sun fi na mota jure wa ruwa. Kamshaf, watau sandar da ke buɗe bawul tana rufewa, shi ma ana iya barinsa. An tsara shi ne yadda bawul na shigar iska da na fitar hayaƙi ba za su daɗe a buɗe tare ba, don kada inji ya zuƙo ruwa ta salansa, kuma irin wannan tsari yana ba da ƙarfin ja tun daga ƙananan zagaye, abin da tsohuwar mota mai nauyi take bukata ke nan.

Abin bari kuwa shi ne duk suturar ruwa. Bututun hayaƙi mai riga biyu ba shi da amfani a mota, nauyi ne kawai. Dole a sa lagireto da fanka, a canza mai daidaita zafi zuwa na mota, domin injin da ke aiki da sanyi yana shan fetur da yawa, yana kuma saurin gurɓata baƙin mai. Dole a cire ragar kashe wuta a sa matatar iska ta gaske. Wanda ya bar ragar nan ya shiga hanya mai ƙura, ƙasa ce yake ɗura wa silinda tana goge ta kamar sanfefa. Mai raba wuta na jirgi da saurin inji kaɗai yake aiki, ba shi da 'yar na'urar nan da ke gaggauta tartsatsi lokacin da mota take tafiya ba nauyi, saboda haka wanda ya bar shi zai yi ta biyan kuɗin a gidan mai. Sa'an nan akwai fulawil da za a nemo wanda zai karɓi kuloci, da kwanon baƙin mai da zai zauna ba tare da ya taɓa ƙarfen sitiyari ba.

Misalai biyu sun isa su nuna yadda masu sani suke yi. Motar Volvo 240, wadda aka ƙera daga 1974 zuwa 1993, samfurorinta na baya suna da inji mai lita 2.3, wanda fistinsa yake tafiyar milimita 80 daga sama zuwa ƙasa. Penta ta yi wa wannan inji wani karanshaf mai tafiyar milimita 86, ya zama lita 2.5 a jirgi. Masu gyaran mota a Suwidin sukan nemi wannan karanshaf da fistin da suka dace da shi, su sa a bulok ɗin motarsu, su bar sauran kayan jirgin a inda suka same su. Misali na biyu shi ne injin MerCruiser mai lita 3.0 da silinda huɗu, wanda jikan injin motar Chevy II ta 1962 ne. An daina sa kakan a motocin Amurka tun da daɗewa, amma jikan ya ci gaba da fitowa sabo don jirage shekaru da dama bayan haka. Mai tsohuwar jif ko ƙaramar Chevrolet da injinsa ya mutu yakan same shi a nan, ya fi na da girma, kuma bayansa yana haɗuwa da giyabos irin na Chevrolet. Wahalar da ke ciki ita ce samun bututun iska da na hayaƙi da za su dace da kan silindarsa, wani lokaci sai an ƙera su da hannu.

Wani hannunka-mai-sanda kuma: hanyar nan ɗaya take bi. Kayan jirgi a mota, iyakarsu su jawo asarar fetur. Kayan mota a jirgi kuwa, kamar kik ko dinamo ko kafireto, rai suke ci, saboda dalilin tururin fetur da na ambata.

Arha ba ta ado

Babban abin da ke jan mutane zuwa ga injin jirgi shi ne arha. Idan jikin jirgi ya ruɓe, mai shi yakan sayar da injin da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma fentinsa yakan kasance yana ƙyalli domin bai taɓa ganin laka ba. Amma ciwon injin jirgi a ciki yake. Wanda ya yi shekaru yana shan ruwan gishiri, tsatsa ta cinye magudanansa daga ciki har bangon silinda ya zama siriri. A ƙasashen sanyi kuma, idan aka manta ba a zubar da ruwan ciki ba kafin hunturu, sai ya daskare ya kumbura ya tsaga bulok. Bututun hayaƙi mai riga biyu idan ya ɓule, ruwa yakan koma cikin silinda ya ci bawul. Ruwa ba ya tsami banza: injin da aka ciro daga jirgi, akwai dalilin da ya sa aka ciro shi.

Saboda haka sayensa ba gwaji cinikin biri a sama ne. Mai hankali zai tambayi ruwan da jirgin ya yi aiki a ciki, na tafki ne ko na teku, da kuma ko injin yana daga cikin masu rufaffen ruwa, waɗanda ruwan waje ba ya shiga bulok ɗinsu. Zai duba agogon sa'o'i. Zai zaro sandar baƙin mai, in ya ga ya koma fari-fari kamar an dama da madara, ya san ruwa ya haɗu da shi. Zai auna matsin kowace silinda, ya toshe magudanan ruwa ya hura musu iska ya ga ko suna riƙewa, ya ɓalle murfi ɗaya na jikin bulok ya leƙa tsatsar ciki. Zai kuma tabbatar da wajen juyawarsa kafin ya miƙa ko sisi.

Amsa ga masu suka

Akwai masu kishin asali, waɗanda suke cewa tsohuwar mota kayan tarihi ce, dasa mata baƙon inji ɓata ta ne. Suna da gaskiya a wuri ɗaya. Motar da irinta ba ta da yawa a duniya, kuma har yanzu tana ɗauke da injin da ta fito da shi daga masana'anta, darajarta a kasuwa da a tarihi tana cikin wannan inji, bai kamata a taɓa ta ba. Amma yawancin tsofaffin motoci ba haka suke ba, dubbai aka ƙera su, kuma zaɓin da ke gabansu shi ne baƙon inji ko bola. Ƙasar Kuba ta ishe mu misali. Bayan juyin juya halin 1959 da takunkumin cinikin da Amurka ta ƙaƙaba mata gaba ɗaya a 1962, kayan gyara suka yanke wa motocin Chevrolet da Ford da Buick na shekarun 1950. Makanikan ƙasar suka riƙa dasa musu duk injin da ya samu, na motocin Tarayyar Sobiyet, da na dizal irin su Toyota da Hyundai, har da na Perkins, wanda iri ɗaya ake sa wa tarakta da janareto da jirgin ruwa. Da haka motocin suka yi fiye da rabin ƙarni suna jigilar fasinja a birnin Habana. Da an jira kayan asali, da tuni sun zama tarihin da ba mai gani. Abin da zan roƙi mai dashe shi ne kada ya yanka shasi, ya kuma adana tsohon injin, don wanda zai gaje shi ya iya mayar da ita yadda take in ya so.

Akwai kuma masu maganar hayaƙi da doka, kuma tasu hujjar ta fi nauyi. Tun daga 1975 motocin Amurka suka fara fitowa da na'urar tace hayaƙi a salansa, amma injunan fetur na cikin jirgi sai a 2010 dokar tarayya ta kai su ga haka. Wanda ya cire injin mota mai tace hayaƙi ya sa tsohon na jirgi ya karya doka, ya kuma cuci masu shaƙar iskar unguwarsa. Wannan ne ya sa na taƙaita goyon bayana ga motocin da suka girmi wancan zamani, waɗanda da ma da kafireto suka fito ba tare da wata na'urar tacewa ba. A jihar Kalifoniya, alal misali, motocin fetur samfurin 1975 zuwa baya ba sa cikin gwajin hayaƙin da ake yi wa sauran duk bayan shekara biyu.

Sukar da ta fi damuna ita ce wadda ba a cika yi ba, watau ta birki. Yawancin motocin shekarun 1950 birkin ganga gare su a ƙafa huɗu, da layin mai guda ɗaya, wanda in ya fashe a wuri ɗaya birki ya tafi gaba ɗaya. Sai a ƙarshen shekarun 1960 dokar Amurka ta wajabta layi biyu da bel ɗin ɗaure fasinja. Wanda ya ninka ƙarfin inji ya bar birki da taya da sifirin yadda suke, ya ɗora wa tsohon jaki sirdin doki, kuma ba shi kaɗai zai ji jiki ba, har da wanda yake tsallaka titi bai san hawa ba bai san sauka ba. A ganina kuɗin birki ne ya kamata a fara warewa kafin kuɗin inji.

Kammalawa

A taƙaice, injin jirgi da na mota tsatsonsu ɗaya, aiki ne ya raba su, kuma duk wani sashe da ya bambanta akwai dalilin bambancinsa, ko gishiri, ko tururin fetur, ko nauyin ruwa. Wanda ya san dalilin zai san cewa in an fito tudu dalilin ya kau, sashen ma sai ya kau, domin in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Irin wannan mutum yana ceton motar da za a farfasa da injin da za a jefar, ya haɗa matattu biyu ya fitar da rayayye ɗaya, kuma ban ga abin zargi a aikinsa ba. Wanda kuwa ya ga fenti mai ƙyalli da farashi mai sauƙi ya ɗauka ya ɗaura yadda ya same shi, garin neman gira zai rasa ido. Tambayar da ta kamata a yi wa duk mai niyyar wannan aiki guda ɗaya ce: a ɗauki kowane sashe a ce masa, don me aka yi wannan haka? In ya amsa, a miƙa masa sifana. In ya yi shiru, a ce ya koma gareji ya ƙara zama a gaban maigidansa.